Wa Ya Koro Ka?

A ƙasar Hausa baligi ba ya gudu sai da dalili, dalilin kuwa galibi ba mai daɗin ji ba ne. Dubi inda harshen kansa ya ajiye kalmar: gudun hijira, gudun ceton rai, gudun abin kunya. Hatta cutar da ke ɓata ciki gudawa muke ce mata. Waɗanda al'ada ta yarje wa su ɗaga ƙafa a bainar jama'a ba su da yawa. Akwai yaro, don ba a yi masa hisabi. Akwai zagi a gaban dokin sarki. Akwai mafarauci da karensa ya tayar da zomo. Sai soja da aka ba umarni. Wanda duk aka gani yana sheƙa gudu ba ya cikin waɗannan, to ko dai ya ɗauko abin wani, ko kuwa kansa ya taɓu. Wuri ɗaya na sani inda dattijo mai furfura yake sassarfa ba wanda ya ɗaga ido ya dube shi, wato tsakanin Safa da Marwa, inda maza suke ƙara sauri a tsakanin korayen fitilu. Shi ma wannan tunawa ce da gudun wata uwa mai neman ruwa, ƙishirwa ta kama ɗanta.

A cikin wannan al'ada na tashi, a wani ƙauye tsakanin Kabo da Gwarzo, har ranar da hidimar ƙasa ta kai ni Pankshin ta Jihar Filato. A can, bisa tudun da ya haura mita 1,000 daga doron teku, na ga samari da 'yan mata suna fita da duku-duku cikin sanyi mai sa haƙora kaɗawa, suna hawa duwatsu da gudu, ba mai bin su, ba wanda suke bi. Garin ya yi suna a Nijeriya wajen fitar da masu gudun dogon zango. Wani ɗalibina, wanda nake koya wa karatun taswira da rana, shi ya zama malamina da asuba. Ya koya mini kada in doka dunduniya, in rage tsawon taku in ƙara yawansa, kuma gudun da mutum zai iya yin magana a cikinsa shi ne nasa, abin da ya wuce haka aro ne. Na dawo gida da takardar sallama, da digirin labarin ƙasa na Jami'ar Bayero, da takalmin gwanjo ƙafa biyu. Shekarata 25, ba aikin yi.

Wanda bai taɓa zaman jiran aiki ba yana zaton dare ne ya fi wahala. Safiya ce. Da an sallame sallah kowa yana da inda ya dosa: manomi ya saɓa fartanya, ɗan acaɓa ya buga babur, yara sun ɗauki allo, hatta awaki sun san hanyarsu. Kai kaɗai za ka koma ɗaki ka kwanta a kan tabarmar da ka tashi daga kanta, kana jin motsin tsintsiyar mahaifiyarka a tsakar gida, kowane shara guda kamar tambaya. Gudu ya ba ni wurin zuwa. Ba zan ƙawata abin fiye da haka ba.

Hanyata ba wanda ya shata ta domin gudu. Daga ƙofar masallaci nakan bi burtalin da ya fita bayan gari, wanda shanu suka daddage tun kafin a haifi mahaifina. A hagu da dama shingen aduruku ne da cin-da-zugu, nan da can kuma tsirin gamba mai nuna iyakar gona. Ƙasar jigawa ce mai laushi, tana karɓar ƙafa ba ta mayar da duka kamar kwalta. Bayan wata tsohuwar kuka da aradu ta tsage sai hanya ta fara gangara, rairayi ya koma baƙar laka, iska ta sauya wari, sanyi ya taso daga ƙasa ya kama ƙwauri. A nan kunne yake riga ido: kukan kirinjijiya da bugun filafili a jikin kwalekwale. Sannan ruwan Magaga ya bayyana. Nakan bi gaɓarsa ta tsakanin lambuna, in hau jinga, in zagayo ta cikin gonakinmu na gado inda ɗorawa uku suke tsaye, in koma gida. Wayata ta ce kilomita 11 ne. Ranar da na sami kuɗin babur nakan je Guzuguzu ko Pada don in canza wa ƙafa ƙasa, amma Magaga ce tawa.

Hanya ɗaya ce a suna, amma sau huɗu take sauya kama a shekara. Da hunturu hazo yakan shafe layin da ya raba ruwa da sama, sai ka ga masunci da kwalekwalensa kamar an rataye su a iska. Ƙura tana kankare maƙogwaro, leɓe yana tsagewa, ƙarangiya tana manne wa safa, duk da haka lokacin ne jiki ya fi sauƙi, don zufa ba ta daɗewa. Da bazara ruwa yakan ja da baya ya bar fili mai faɗi, laka ta bushe ta tsattsage kamar tafin ƙafar tsoho. Masu lambu suna bin ruwan taku bayan taku da injinansu da mesa, ni kuma ina samun sabuwar hanya a inda kifi yake iyo watanni uku da suka wuce. A wannan tsakanin ne ɗorawa take sako jajayen tuntayenta, ƙudan zuma su cika ta da guna tun gari bai waye ba, har kana iya gane ka iso gindinta ido rufe. Sai wata safiya ka ga shamuwa a kan tsamiya, ka san an kusa. Damina kuwa takan haɗiye hanyar. Gero da dawa su fi mutum tsawo, burtali ya koma siririn lungu kore, raɓa ta jiƙa ka zuwa ƙugu, idonka kullum a ƙasa saboda kububuwa. Kaka ba ta buƙatar yabo daga gare ni. Kowa ya san ƙanshinta.

Cikin itatuwan hanya gawo ne ya fi ba ni sha'awa, don shi kaɗai ke tafiya sabanin jama'a. Yakan zubar da ganye lokacin da kowane itace yake tofo, ya tsaya tsirara duk damina, sannan ya yi kore shar lokacin da duniya ta bushe. Manomi bai bar shi a tsakiyar gona don kyau ba. Ba ya tare wa shuka rana sa'ad da take bukatarta, ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuwa abincin awaki ne a watannin da ba ciyawa. A watan Afrilu, lokacin da rana take fitowa da zafinta tun ƙarfe bakwai, daga inuwar wannan gawo zuwa ta wancan nake lissafin numfashina.

Ruwan da nake zagayawa bai kai shekarun Baffana ba. Audu Bako, ɗan sandan da ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya aza harsashin datse kogunan jihar. An gama Bagauda a 1970, farin da ya auka wa yankin Sahel a farkon shekarun nan ya gaskata hangensa, aka gama Tiga a 1974. Daga baya aikin ya iso ƙananan rafukan yamma, aka sami Magaga da Guzuguzu da Pada da Marashi da Watari ta ƙasar Bagwai, sannan babbar madatsar Challawa ta ƙasar Karaye a 1992. Waɗanda suka zana su suna tunanin ruwan sha da noman rani da kifi da shayar da dabbobi. Ba na zaton akwai injiniya ɗaya a cikinsu da ya taɓa kawo wa ransa wani zai hau jingar nan don kawai ya ga fitowar rana.

Ruwan ya bayar, ya kuma karɓa. Tumatir da albasa da alkamar da suka aurar da samarin ƙauyenmu daga gare shi suka fito. Amma a ƙarƙashinsa akwai fadamar kakana, wadda Baffa har yau yake nuna wurinta da sanda kamar yana ganinta. Ya kuma kawo tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma a jikin wasu ƙananan dodon-koɗi masu son ruwa kwantacce, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai wanki, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. A da har ana ɗaukar wannan alamar balaga ce. Saboda haka duk zafin da na kwaso ba na faɗawa ruwan, sai dai in dube shi. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, sauyin da Tiga da Challawa suka yi wa tafiyar kogi ya taimaka wa ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Wanda ya karanta labarin ƙasa ba ya iya kallon dam da ido ɗaya.

A makon farko wani tsohon masunci ya tare ni yana warware kallinsa a gaɓa.

"Ɗana, lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"To wa ya koro ka?"

"Ba kowa, Baba. Motsa jiki nake yi."

Ya dube ni daga takalmi zuwa kai, ya dubi hanyar da na fito ko zai hango mai sanda, sannan ya ce, "Ga kalli nan, zo ka kama mu ja. Jikin zai motsu, ka kuma tafi wa tsohuwarka da karfasa."

Na kama mun ja, na kuma tafi da karfasar. Maganarsa tana da tushe. Mutumin da ya wuni yana huɗa, ko matar da ta yi surfe ta ɗebo ruwa ta yi daka, ba su da bukatar wani ya koya musu motsa jiki. Gudu irin nawa a idonsu almubazzaranci ne da ƙarfin da tuwo ya bayar. Sai dai ƙauyen da wannan hukunci ya dace da shi yana ƙarewa. Tafiyar da iyayenmu suke yi a ƙasa zuwa kasuwar Getso yau babur ake hawa, injin niƙa ya karɓi aikin dutse, samari da yawa sun koma zaman shago da na caji, lemon kwalba ya kori kunu a wurin biki. Hawan jini da ciwon suga, waɗanda ake ce wa cutar masu kuɗin birni, sun shigo gidajen ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako. Kakana yana cika wannan kafin hantsin Litinin. Jikokinsa da yawa ba sa cika shi a wata.

Tarewa ta biyu ba ta zo da dariya ba. Ƙasar Gwarzo tana iyaka da Jihar Katsina, hanyar Dayi da Malumfashi a bayanmu take, kuma labaran da ke zuwa daga can sun sa barcin mutane ya yi sauƙi. Wata asuba cikin hazo sai hasken tocila ya doke ni a fuska, na ji an ɗana harbi-ruga. 'Yan sintiri ne, kuma suna da gaskiya: a wannan zamani mutum mai gudu a duhu ko dai yana ɗauke da mugun labari, ko shi ne labarin. Da ɗayansu bai gane muryata ba, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare. Mai unguwa ya kira ni ya gindaya mini sharuɗɗa: kada in fita sai an fara gane fuska, in sa riga mai haske, in yi sallama da ƙarfi ga duk wanda na hango. Shi ya sa guduna cike yake da gaisuwa. Rabin numfashina yana tafiya a "barka da asuba" da "ina gajiya" da "sannunku da aiki". Masu gudun ƙasashen Turai suna toshe kunne da waƙa. Ni da na yi haka da an kai ƙarata gida cewa na yi girman kai.

Ƙanwata kan jira ni a zaure ta tambaye ni yadda ruwan yake yau. A firamare ba yaron da yake shan gabanta a tsere, namiji ko mace. Yanzu shekararta 17, kuma hanyar da ta ba ni mafita a rufe take a gare ta, ba da waya ba, da idon mutane. A Pankshin na ga 'yan mata sa'o'inta suna wuce ni a hawa. A littattafanmu kuma mun karanta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu. Nakan ba ta labarin zalɓe da belbela, tana saurare tana kaɗa ƙafa.

Dare da yawa na kwana ina duba hotunan wuraren da wasu birane suka ware wa masu gudu. A tsakiyar New York akwai Central Park mai faɗin hekta 341, wanda aka amince da zanensa a 1858. Abin da ya ja hankalina a cikinsa tafkinsa ne: matattarar ruwan sha ce aka gina wa birnin, kamar dai namu, sai daga baya hanyar da ta kewaye ta, mai tsawon kimanin kilomita biyu da rabi, ta zama wurin gudu da duniya ta sani. Kafin a shimfiɗa lambun sai da aka tashi mazauna wurin a 1857, ciki har da wata unguwa da yawancin masu gidajenta baƙaƙen fata ne. Da na karanta haka sai na tuna sandar Baffa tana nuna tsakiyar ruwa. A Nairobi kuma akwai dajin Karura mai kimanin hekta 1,000. A ƙarshen shekarun 1990 an yanka sassansa an raba wa masu gine-gine. Wangari Maathai ta tsaya a kai, a watan Janairun 1999 aka fasa mata kai sa'ad da ta je dasa itace a wurin, a 2004 ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya. Yau dajin yana nan, da hanyoyin tafiya da gudu da keke a ƙarƙashin inuwa, an kewaye shi, ana biyan kuɗin shiga.

Kano ta bi wata hanyar. A shekaru huɗun da na yi ina karatu a birni na ga kududdufai suna komawa shaguna, na ga badala tana narkewa ana gini a kanta. Gidan Zoo, wanda shi ma aikin zamanin Audu Bako ne, yana cikin 'yan wuraren da suka rage da za ka tsaya a tsakiyar itatuwa. Masu motsa jiki a birni gefen titi suke bi, suna shaƙar hayaƙin adaidaita-sahu, suna kauce wa tirela. Gwarzo da Kabo ba su kai nan ba, amma sun kama hanya: kowace shekara awon igiya yana cin gonakin bakin gari, bulo yana tsirowa inda gyaɗa take tsirowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a aji na koye shi. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya shigo ƙasar Kano daga Katsina a 1851, ya yaba kyan karkararta, gonaki da manyan itatuwa a warwatse a cikinsu. Masanan da suka zo bayansa, irin su Michael Mortimore wanda ya koyar a Zariya da Kano, sun kira irin wannan shimfiɗa da kalmar da Turawa suke kiran lambunan shaƙatawarsu. Binciken da shi da abokan aikinsa suka buga a 1990 kan itacen girki a Kano ya nuna cewa manoman kewayen birni, duk da cunkoson jama'a, suna riƙe da itatuwan gonakinsu, ba su ƙarar da su ba. Wato abin da New York ta kashe dukiya ta ƙirƙira, kakanninmu sun yi shi da fartanya, ta hanyar zaɓen tsiron da za a bari a lokacin sassabe. Suna kuma da doka. Kalmar hurumi daga Larabci ta zo, daga hukuncin da ya hana mallakar kewayen rijiya da kogi da gari, don amfanin kowa ne. Manzon Allah ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Burtali da mashaya da hurumi su ne wurin shaƙatawarmu, sai dai ba wanda ya kafa musu allo, abin da ba shi da allo kuwa a zamanin nan kamar ba shi da mai shi ne.

Mai gudu yana ganin abin da mai babur ba ya gani, don yana bin wuri ɗaya kullum da ƙafa. A shekara biyu na ga burtalinmu yana ramewa. Ba wanda ya tashi rana ɗaya ya cinye shi. Wannan ya ƙara kunya ɗaya a bana, maƙwabcinsa ya ga haka ya ƙara biyu, aduruku ya faɗi ba a maye shi ba. Inda garke yake wucewa a sake, yanzu shanu sai sun yi layi, wadda ta karkata baki ta kama karan dawa kuwa ta jawo shari'a. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 tana nan a takarda, Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar karkara a hannun hukuma, amma a gindin kuka fartanya ce ke yanke hukunci. Sannan a bazarar bara wani mai hali daga birni ya sayi lambuna uku a gaɓa, ya haɗe su, ya ja waya mai ƙaya har cikin ruwa. Ni abin da na rasa kaɗan ne, zagaye nake yi na 'yan mintuna. Matan da ke zuwa wanki da yaran Fulani da ke kora shanu mashaya su suka ji a jikinsu. Shinge ya ceci Karura, na yarda. A nan kuwa shingen da zai kare gaɓa ya hana saniya shan ruwa ba ceto ba ne, rigima ce aka shuka.

Sai ƙarar injin yankan itace. Tana farawa da sassafe, daga nesa kamar kukan sauro. Ƙirya aka fara bi saboda gawayinta, sai marke, yanzu an iso kan itatuwan da a da ko reshensu ba a sara sai da izini. Ba na zagin masu sayarwa. Kalanzir ya gagari talaka, gas ya gagari ɗan birni, buhun gawayi ya yi daraja, mai itace kuma yana da mara lafiya a ɗaki.

Mu ma muna da shi. Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe mu tun rasuwarsa, ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa a farkon hunturu. A asibiti aka ce jininsa ya hau ƙwarai, ga suga. Aka rubuta magani na kullum, aka hana shi gishiri da zaƙi, likita ya ce lallai ya riƙa tafiya a ƙasa kowace rana. Baffa, wanda ya fi kowa yi mini ba'a, wanda yake kirana zagin da ba shi da sarki, ya ce shi ba zai yi yawo a gari kamar wanda ya yi ɓatan kai ba. Sai na ce masa, "Baffa, ai ba yawo za ka yi ba. Gona za ka je dubawa." Wannan ya karɓa. Dattijo yana iya zuwa duba gonarsa kullum ba wanda zai tambaye shi. Tun daga nan nakan gama zagayena in same shi a hanya da sandarsa, mu ƙarasa tare zuwa gindin ɗorawa, ya zauna ya huta, mu juyo. Da farko sau huɗu yake tsayawa. Yanzu sau ɗaya ne, a gindin kuka, shi ma yana cewa carbi yake gyarawa.

Ɗorawan nan su masu injin suka zo tayawa. Kuɗin da suka faɗa zai sayi maganin Baffa na watanni, kuma ba mu da wani abin sayarwa. Aka zauna a zaure bayan isha'i. Yayana ya ce itace ba ya fin rai, ba kuwa wanda zai ce ya yi ƙarya. Ni na zo da lissafina na ɗan makaranta, na inuwa da zaizayar ƙasa da ganyen da ke komawa taki, na ga ba wanda ya motsa. Inna ce ta yi magana daga bakin ƙofa, ita da ba ta cika sa baki a zancen maza ba.

"Malam," ta ce da Baffa, "kalwar bara ita ta biya kuɗin jarrabawar yarinyar nan. Ta bana na riga na yi alkawarin daddawarta. In an sare, baɗi me za a sayar?"

Baffa ya daɗe shiru. Sannan ya ce, "In aka sare, ni kuma gindin me zan je dubawa?"

Ba a tashi da nasarar kowa ba. Ɗorawa ta uku, wadda kauci ya cinye ta daina 'ya'ya sosai, an ba da ita. Na ji faɗuwarta daga kan jinga, ƙasa ta amsa. Sauran biyun an bar su zuwa bayan kaka, a ga abin da damina za ta yi. Don cike giɓin na sayar da wayata, na kuma karɓi koyarwa a wata makarantar sa-kai da ke biyan abin da ba ya faɗuwa.

Maganar burtali kuwa masuncin nan ne ya nuna mini ƙofarta. Ya ce ni kaɗai in na je wurin dagaci za a ce ɗan boko yana neman filin wasa, amma in na bi bayan Arɗo za a saurare mu, don shi shanunsa ake gani. Na je rugar sau uku kafin ya yarda cewa ba wani ne ya aiko ni ba. Dagaci ya karɓe mu, ya kira masu gonakin da ke gefen hanya, aka yi musu, aka rantse, wani ya tashi cikin fushi aka dawo da shi. Maganar waya mai ƙaya an ce ta fi ƙarfin zaure, sai an kai ta gaban hakimi. Amma an amince a sake shata burtalin daga tsagaggiyar kuka zuwa mashaya kafin ruwan shuka ya sauka. An sa ranar Asabar ta sama. Arɗo zai zo da dattawa biyu da suka san inda tsohuwar iyaka take, ni zan zo da igiya da littafi, ƙanwata da ƙawayenta sun yanko sandunan aduruku da cin-da-zugu sun jiƙa gindinsu a bayan ɗaki. Baffa ya ce a ƙasa zai je, kada wanda ya kawo masa babur.